Rijiyar Kusugu: Abin da Aka Ce da Abin da Aka Rubuta

Duk tsohon gari a ƙasar Hausa, in ka bi salsalarsa, za ka tarar da dutse ko ruwa a gindinsa. Kano na da Dala, Zazzau na da Kufena da Turunku, Kwatarkwashi ma sunan dutsenta take amsawa. Daura kuwa a shimfiɗe take cikin rairayi, gabas da Katsina, arewa da Kano, dab da iyakar Nijar, kuma abin da take nuna wa baƙo rijiya ce. In aka gwada ta da Kano, Daura ƙaramin gari ce. Amma tsofaffin gidajen sarauta bakwai sun jingina asalinsu ga abin da aka ce ya faru a bakin wannan rijiya cikin dare ɗaya, kuma babu ɗan firamaren da ya wuce aji huɗu a Arewa bai ji sunan Kusugu ba.

Sai dai yawan jin labari ba ya mai da shi tarihi. Akwai abin da kakanni suka ce, akwai abin da alƙalami ya kama da shekararsa, kuma a Kusugu waɗannan biyun sun cakuɗe har mutane da yawa sun daina rarrabe su.

Zamanin magajiyoyi, zamanin da ba shi da shekara

Fadar Daura na da jerin sarakunanta da ake kira Girgam. Abin da wannan jeri da bakin maroƙa suka zo da shi shi ne, mutanen farko sun taso daga gabas, daga ƙasar Kan'ana, ƙarƙashin wani Najibu, suka bi ta Masar da Libiya, har wani reshe nasu ya keto hamada ya sauka a wurin da yau ake kira Tsohon Birni, arewa da garin Daura na yanzu. An ce mata ne suka yi ta mulki ɗaya bayan ɗaya: Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, Gizirgizir, Innagari da sauransu, har aka kai ga Daurama, wadda aka ce ita ta tashi daga Tsohon Birni ta kafa garin da ya ɗauki sunanta. Wasu na ƙirga su tara, wasu goma sha bakwai. Babu shekara ko ɗaya a wannan sashe, kuma duk wanda ya sa masa shekara daga aljihunsa ya ɗauko ta.

Abin da hankali ke iya kamawa shi ne dalilin zama. A wannan yanki damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rani ne. Tafki na ƙafewa kafin bazara, rafi ya koma yashi. Gari ba ya tsayuwa sai inda guga zai sauka a watan Afrilu ya hau da ruwa. Rijiyar da ba ta ƙafewa ita ce kasuwa, ita ce zangon fatake, ita ce dalilin da makiyayi zai ratso. Wanda ya riƙe bakinta ya riƙe gari.

Kuma kafin Musulunci ya zauna da gindinsa, Bahaushe bai ɗauki irin wannan wuri a banza ba. Maguzawa na ganin iskoki na zaune a kuka da tsamiya da duwatsu da rijiyoyi, ana yi musu yanka, ana kiyaye ranakunsu. A cikin bori har yau akwai Danko, iskan da ake danganta shi da maciji. Tarihin Kano ya ba da labarin Tsumburbura da Barbushe, wanda shi kaɗai ke shiga wurinta ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta kawo. Saboda haka rijiya mai maciji, wadda ba a ɗiban ruwanta sai rana ɗaya, ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Ta fi kama da wurin tsafi mai dokoki da masu tsaro.

Daren da aka ce

Ga yadda ake bayarwa. Wai Bayajida, wanda wasu ke kira Abu Yazidu, ɗan Abdullahi ne sarkin Bagadaza. Ya saɓa da gida, ya fito da rundunarsa, ya sauka Borno. Sarkin Borno ya aura masa 'yarsa, Magira, amma da dabara ya riƙa janye masa mayaƙa, yau a tura waɗannan yaƙi, gobe a tura waɗancan, har ya wayi gari daga shi sai matarsa. Da ya gane ana ƙulla masa kisa, ya gudu da dare ya yi yamma. A Garun Gabas, cikin ƙasar Haɗeja ta yau, ya bar matar da ciki, ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, wasu su ce takobi. Daga nan ya miƙe arewa.

Ya iso Daura bayan dare ya yi, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa ya shayar da dokinsa. Tsohuwa ta ce, ɗana, a garin nan ba a samun ruwa sai Juma'a, akwai maciji a rijiya, Sarki ake ce masa. Ya ce ta dai ba shi guga. Ya je ya zura wasaki, igiya ta yi nauyi, ya jawo, sai ga kan maciji ya biyo. Ya fille kan, ya sa a jaka, ya sha, ya shayar da doki, ya kai wa tsohuwa saura, ya kwanta kamar ba abin da ya faru. A wasu bakunan har ya manta takalminsa ɗaya a bakin rijiya.

Da gari ya waye aka ga gangar jikin maciji a waje. Magajiya Daurama ta aiki Galadima ya dubo, ya hango daga nesa, ya komo bai iya cewa ya mutu ko yana da rai ba. Kaura ne ya matsa har ya taɓa shi, ya dawo ya tabbatar. Magajiya ta sa aka yi shela cewa wanda ya yi wannan aiki rabin gari nasa ne. Nan fa maza suka yi ta fitowa, kowa na cewa shi ne, amma da an ce ina kai, sai a yi tsuru-tsuru. Ayana ce ta tuna da baƙonta. Aka kira shi, ya zazzage jaka. Da aka miƙa masa rabin gari ya ce ba ya so, auren Magajiya yake so. Daga ranar ake kiransa Makas Sarki.

An ce al'ada ta hana Magajiya kusantar namiji, don haka ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifa masa Karɓagari. Ganin haka Magajiya ta warware wa kanta wannan ƙa'ida, ta haifi Bawo. Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka ba su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa, aka laƙaba musu Banza Bakwai, sunan da ko kaɗan mutanen Kabi da Zamfara ba su taɓa yarda da shi ba, kuma da gaskiyarsu.

Duk wannan faɗa ce ta baka. Amma a lura da abin da take yi. Tana bayyana dalilin da ya sa mulki ya bar hannun mata ya koma na maza. Tana bayyana dalilin da Kaura ke riƙe da yaƙi. Tana jera garuruwa, ta ce wannan ɗa ne, wancan ɗan kuyanga. Har maƙeran Gaya ta ba su kasonsu. Labari ne da ke raba muƙamai, irin wanda fada ke buƙata ta ji ana maimaitawa.

Inda shekaru suka fara: 762 zuwa 1452

Da an ɗora labarin a kan abin da aka rubuta, sai wurare su fara tsagewa. Halifa Mansur ya gina Bagadaza a shekarar 762, don haka ɗan sarkinta ba zai riga wannan shekara ba. Tarihin Kano, bisa lissafin da H. R. Palmer ya yi masa da ya buga shi da Turanci a 1908, ya sa hawan Bagauda ɗan Bawo a shekarar 999. In aka yarda da haka, kakansa zai faɗo cikin ƙarni na 10. To amma a ƙarni na 10 daular Sefawa, wato gidan sarautar Borno, tana Kanem ne, gabas da Tafkin Chadi. Ba su ƙaura zuwa Borno ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma Birnin Gazargamu sai a ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya kafa shi. Ke nan Bornon da ke cikin labarin ta zo daga baya. Haka ma Juma'a. Mutanen da ke yi wa maciji biyayya ba su da dalilin fifita Juma'a, sai dai in bakin Musulmi ne ya sa ta daga baya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385.

Akwai kuma wani Abu Yazidu na gaske, wanda littattafan Larabawa suka sani sarai. Shi ne Makhlad ɗan Kaidad, mutumin Barbar ɗin Zanata, mabiyin Khawarijawa, wanda ake wa laƙabi da Mai Jaki. Ya tayar wa Faɗimiyawa a ƙasar Tunisiya ta yau, ya kusa kifar da su, aka kama shi ya mutu a 947. Wasu masana, cikinsu har da W. K. R. Hallam a wata maƙala ta 1966, sun kawo cewa wataƙila magoya bayansa da suka watse ne suka tsallako hamada da sunansa a bakinsu. Zato ne mai daɗin ji, shekarun ma sun yi kusa, amma mutumin kansa bai taɓa taka Daura ba, a can arewa ya mutu.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne inuwar Borno. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, shi ya fara kai wa Borno gaisuwa. Ƙarnoni bayan haka garuruwan Hausa na kallon gabas a matsayin inda girma da ilmi da sarauta ke fitowa. Labarin da ke cewa kakanmu surukin sarkin Borno ne, amma ya fi shi asali tunda daga Bagadaza yake, kuma cin amanarsa aka yi ya baro, labari ne da ya dace da mutanen da ke kai gaisuwa suna ƙunƙuni. A ganina a wannan zamani ne aka ɗinka rigar da labarin ke sanye da ita yau, ko da yake zaren ya girme ta.

Macijin ma ba na Daura kaɗai ba ne. Soninke na tsohuwar daular Gana suna da Bida, macijin Wagadu, wanda aka ce ana ba shi budurwa duk shekara har wani saurayi ya sare kansa. Bambancin shi ne, a can kisan maciji fari ya jawo da watsewar daula, a Daura kuwa ruwa ya buɗe.

Daga 1804 zuwa 1903: rijiya a hannu ɗaya, labari a wani

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya tashi. Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci Daura. Sarkin Haɓe na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fice da jama'arsa. Bayan shekaru na yawo da faɗace-faɗace, danginsa suka kafa kujeru a Zango da Ɓaure, suka shiga inuwar Damagaram. Kusan shekara ɗari ana da masu amsa sunan sarautar Daura a wuri fiye da ɗaya: Fulani a cikin birni inda rijiyar take, Haɓe a waje da Girgam a ka.

A wannan zamani ne aka sami ɗaya daga tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Bawo. Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo cewa sarakunan ƙasashen Hausa bakwai zuriyar Bawo ne, amma a wurinsa Bawo bawan sarkin Borno ne da aka ɗora kan ƙasar. Dubi yadda mutum ɗaya ya sauya matsayi: a fadar Haɓe jikan sarkin Bagadaza, a alƙalamin wanda ya kore su bawa. Ba a rasa dalili ba. Bello na rubutu ne yana kare halaccin jihadi, yana kuma musayar wasiƙu masu zafi da Shehu Laminu na Borno a kan wannan batu. Asalin da ya rage wa sarakunan Haɓe daraja ya yi masa daidai, kamar yadda na Bagadaza ya yi wa su Sarkin Gwari daidai.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya kuma rubuta jerin Hausa Bakwai da Banza Bakwai da sunan Bawo kamar yadda ya ji a bakin mutane. Wannan shaida ce cewa labarin na yawo a kasuwa da zaure tun kafin Turawan mulki.

Wani abin lura shi ne, masu jihadi ba su yi wa wuraren tsafi da sauƙi ba, amma Kusugu ta tsira. Dalilin bai da wuyar ganewa. Kurmin tsafi ana iya sare shi, gunki ana iya ƙona shi, amma ba mai cike rijiyar da gari ke sha. Kuma labarinta ya riga ya musulunta: baƙo ne daga birnin halifofi ya zo ya kashe abin da ake tsoro, ya 'yanta ruwa. Malami ba shi da abin ƙi a nan.

Daga 1903 zuwa 1966: komowar Haɓe da shigar labari takarda

Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Ingila da Faransa suka ja iyaka ta tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, wani yanki ya faɗa Nijar, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu. Tsakanin 1904 da 1906 Turawa suka yi abin da ba su yi a Kano ko Katsina ko Zariya ba: suka ɗauko Malam Musa na gidan Haɓe daga Zango suka zaunar da shi a Daura, sarautar Fulani ta birnin ta ƙare. Gari ne na bakin iyaka, kuma sarkin da talakawan ɓangarorin biyu ke gani a matsayin na asali ya fi amfani ga mai son jawo jama'a gefensa.

Wannan komowa ita ta ba Kusugu matsayin da take da shi yau. Gidan da ke cewa shi jinin Bawo ne ya dawo kusa da rijiyar da ke gaskata shi. A daidai lokacin kuma jami'an Turawa na yawo suna tattara tarihin masarautu. E. J. Arnett ya buga labarin Daura Makas Sarki a 1910, Palmer ya sake kawo shi cikin tarinsa na 1928. Daga nan ya shiga littattafan makaranta. Abin da a da yake da baki goma, kowane gari da irin nasa, sai ya koma siga ɗaya da malami ke rubutawa a allo, yara su haddace, a tambaye su a jarrabawa. Bugu ya adana labarin, ya kuma daskarar da shi.

Malam Musa ya rasu a 1911, Sarki Abdurrahman ya gaje shi ya yi shekara 55 a kan gado, ya ga zuwan mota da rediyo da 'yancin kai na 1960, ya rasu a 1966. A zamaninsa ne M. G. Smith ya yi binciken da ya zama littafinsa a kan sha'anin mulkin Daura, wanda ya fito a 1978. Smith ya nuna cewa Magajiya a tsarin Haɓe ba sarautar ado ba ce, mace ce mai faɗa a ji a fada. In akwai wurin da tatsuniya da tarihi suka gaisa a Daura, to nan ne: jerin sarauniyoyin ba shi da shekara, amma kujerar mace mai iko a fada abu ne da aka gani da ido.

Daga 1966 zuwa yau

Alhaji Muhammadu Bashar ya hau a 1966 ya yi mulki har 2007, sannan Alhaji Umar Faruk Umar. Daura ta bi sauye-sauyen jihohi, daga Arewa ta Tsakiya a 1967 zuwa Kaduna a 1976, har aka yanke Jihar Katsina a 1987. A jami'o'i kuwa iska ta juya. Abdullahi Smith, a wata maƙala ta 1970, ya yi watsi da ra'ayin cewa wani baƙo daga gabas ne ya kawo wa Hausawa sarauta. Ya ce birane sun tsiro ne daga ƙasa, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, inda noma da ƙira da kasuwa da wurin ibada suka haɗu. Wannan ya fi kwanta mini, kuma bai rage wa Kusugu komai ba, don a wannan lissafi rijiyar ce ma ta tara garin, ba jarumin ba. Dierk Lange kuma ya bi ta wata hanya, ya nemi ma'anar labarin a cikin bikin Gani da Daura ke yi a watan Mauludi, yana ganin hawan da fitowar masu sarauta na maimaita tsohon labarin ne a aikace.

Rijiyar kanta yanzu tana cikin gini a tsakiyar gari, an kewaye bakinta, akwai masu kula da ita. Mutanen unguwa sun koma famfo da burtsatse da 'yan garuwa, Kusugu ta zama wurin ziyara. 'Yan makaranta na zuwa cikin motoci da malamansu, ana kai manyan baƙin fada, 'yan Nijar na tsallakowa. Mai kula ya zura guga ya jawo, a miƙa wa baƙo. Wani ya kurɓa don ya ce ya sha, wani ya shafa a fuska, wata ta ciro gora daga jaka ta cika don ta kai wa mara lafiya a gida. Mutanen gari na cewa ba a taɓa ganin ta ƙafe ba, wasu na cewa ruwanta magani ne. Masu wa'azi na ja da wannan na biyu, suna cewa ruwan da aka san falalarsa Zamzam ne, saura duk ruwa ne. Masu ɗiba kuma su ce ai ba bauta suke ba, waraka daga Allah take. Wannan gardama ba a Daura kaɗai ake yin ta ba, kuma ba ta hana gora cika.

Fada na riƙe da takobin da ake cewa shi ne na Bayajida. Shekarun shugabancin Muhammadu Buhari, ɗan garin, daga 2015 zuwa 2023, sun jawo wa Daura baƙin da ba ta saba gani ba, gwamnoni da jakadu da 'yan jarida, haka ma jana'izarsa a watan Yulin 2025. Galadima da Kaura da Magajiya kuwa har yanzu sarautu ne masu rai a masarautar, ana naɗa su, suna da gidajensu da mutanensu, kuma duk shekara in Gani ta zo suna fitowa kowa a matsayinsa.